Na'ana'a, Ɗaɗɗoya, Rozmari ko Maramiyya: Wanne Za a Saya Don Ƙwaƙwalwa da Jijiyoyi?

Tun bayan babbar salla gwaggona take kukan abu biyu, mantuwa da zafin tafin ƙafa da dare. Sai ta tayar da la'asar, ta kai zaman tahiya, ta rasa ko a raka'a ta biyu take ko ta huɗu. Ƙafar kuwa, in ji ta, kamar an barbaɗa mata barkono, sai ta sauke ta kan sumunti mai sanyi kafin barci ya ɗauke ta. "Ɗan nan," ta ce da ni, "ka nemo mini maganin jijiya. Na gaji da ƙwayoyin asibiti." Na shiga wani shagon magungunan Musulunci a cikin gari na faɗi abin da ke tafe da ni. Mai shagon bai yi wata-wata ba, ya jera mini ƙulli huɗu da 'yar kwalba a kan kanta: busasshiyar na'ana'a, iklilul jabal wato rozmari, maramiyya wadda Turawa ke kira sage, wani ganye da ya ce malisa ne, sai man labanda. Na ce, "Malam, wanne ne na jijiyar a ciki?" Ya ce, "Yallaɓai, ai duk na jijiya ne. Ka haɗa su gaba ɗaya."

Ban haɗa ba. Amma akwai abin da ya faɗa daidai ba tare da ya sani ba, domin duk biyar ɗin 'yan gida ɗaya ne. Masana tsirrai suna kiran gidan Lamiaceae, kuma yana da 'ya'ya wajen 7,000. Gane su ba wuya. Ka tsinki reshen na'ana'a ka murza shi tsakanin yatsu biyu, za ka ji ba zagayayye ba ne, kusurwa huɗu gare shi, ganyen kuma bibbiyu suke fita suna fuskantar juna. Ɗaɗɗoyar bayan ɗaki haka take. Tayim ɗin da ake zubawa a miya tare da kori ma ɗan gidan ne. Abin da ya ba ni mamaki, har rizga da tumuku 'yan uwansu ne, kai har ɗinya an mayar da ita cikin wannan dangi. Sai dai zama 'yan gida ɗaya bai sa halinsu ya zama ɗaya ba, kuma a nan ne zaɓi yake da muhimmanci.

Kafin a kai ga ganyen, sai an warware kalmar jijiya, don ita ce ke cin kuɗin mutane. A bakinmu, hanyar da jini ke bi jijiya ce. Igiyar da ta ɗaure tsoka da ƙashi jijiya ce. Zaren da ke ɗauko saƙo daga ƙwaƙwalwa ya bi ta laka ya isa ɗan yatsa shi ma jijiya ce. Mai ciwon baya, mai shanyewar ɓarin jiki, mai makyarkyatar hannu, mai raunin mazakuta, kowa "ciwon jijiya" yake cewa, shi ya sa kwalba ɗaya take iya yi wa kowa alkawari. Wadda ake magana a kanta a nan ita ce ta uku, jijiyar saƙo, tare da uwarta ƙwaƙwalwa.

Me ya sa masu bincike suka ɗora ido a kan wannan dangi? A 1958 wasu masana biyu a Italiya suka ciro wani sinadari daga rozmari, wato iklilul jabal, suka raɗa masa sunan ganyen, rozmarinik. Daga baya aka gano yana cikin na'ana'a da malisa da maramiyya da ɗaɗɗoya. Idan aka zuba shi a kan ƙwayoyin halittar ƙwaƙwalwa a cikin kwalbar gwaji, yana rage irin tsatsar da ke cin su, yana kuma kwantar da kumburi. Wasu daga cikin ganyayen kuma suna taka wa wani sinadari birki, wanda aikinsa shi ne rushe asetilkolin, ɗan aiken da ƙwaƙwalwa ke amfani da shi wajen riƙe abu. Ta wannan hanyar ce donepezil, maganin cutar mantuwa da Amurka ta amince da shi a 1996, yake aiki. To daga nan ne masu talla suke tsalle su ce ganyen "yana gyara ƙwaƙwalwa".

Ba a nan gizo yake saƙar ba. Abin da ya yi aiki a kwalba sai ya tsallake ciki, ya tsallake hanta, sannan ya tsallake wani shinge da Allah ya gitta tsakanin jini da ƙwaƙwalwa, wanda ba kowane sinadari yake bari ya wuce ba. Rozmarinik kuwa kaɗan ne daga cikinsa yake shiga jini in an sha. Don haka duk ganyen da zan ambata, tambayata ɗaya ce: an gwada shi a jikin mutum, ko a ɓera aka tsaya? In an gwada a mutum, mutum nawa, kuma shayi aka ba su, ko tatacce, ko mai? Waɗannan ukun ba ɗaya ba ne, kamar yadda rake da mazarƙwaila da sukari ba ɗaya ba ne.

Na'ana'a

Ita ce ta fi kusa da hannu, kuma ita ce mutane suka fi yi wa kallon banza saboda arha. Wadda ake sayarwa ɗauri-ɗauri a kasuwa, wadda masu shayi a Agadas da Damagaram suke cusawa a 'yar buta, galibi mai sanyin ƙamshi ce, mentol ɗinta, wato sinadarin nan mai sanyi da ke cikin mantaleta, kaɗan ne. Akwai 'yar uwarta mai yaji, wadda Turawa ke tatsar mai daga gare ta, ita ce mai mentol da yawa. Wannan bambanci yana da amfani, don kowacce da abin da aka gwada ta a kai.

Mai yajin, ciwon kai aka gwada ta a kai, irin wanda ke ɗaure goshi da ƙeya kamar rawanin da aka matse. A 1996 a birnin Kiel na Jamus, aka bai wa mutum 41 man na'ana'a da aka tsarma, kashi 10 cikin 100, suna shafawa a goshi da gefen kai. Sauƙin da suka samu ya yi daidai da na wanda ya haɗiyi farasitamol miligiram 1,000. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. A fatarmu akwai wata 'yar ƙofa a bakin jijiya wadda ke jin sanyi, mentol kuma yana buɗe ta ko da babu sanyi. A 2002 aka gano wannan ƙofa, kuma tana cikin ayyukan da suka sa David Julius da Ardem Patapoutian suka sami kyautar Nobel a 2021. Ashe tsohuwar da ke murza mantaleta a goshi tana ɗaure kai da kallabi ba shirme take yi ba. Amma a lura, wannan rarrashin jijiya ne, ba kare ta ba.

Ta kasuwar kuwa, an yi gwaji a Amurka da aka buga a 2018, mutum 90 'yan shekara 50 zuwa 70 masu kukan mantuwa. Waɗanda suka sha miligiram 900 na tataccen ganyen kullum har kwana 90 sun ɗan fi sauran riƙe abu a ka. Sai dai irin na'ana'ar na musamman ne da aka zaɓa saboda yawan sinadarinsa, kuma kamfanin da ke sayar da shi ne ya ɗauki nauyin gwajin. Kofin shayinka na bayan magariba bai kai wannan ba. Wartsakewar da kake ji bayan kofin farko na atayi ma yawancinta aikin koren shayi ne da sukari, na'ana'ar rakiya ta yi.

Illarta biyu ce da ya kamata a sani. Mai ƙwannafi, na'ana'a mai yaji tana sassauta bakin ciki, ta ƙara masa. Ta biyun ta fi girma, kuma a ƙasarmu aka gano ta. A 1980 likitoci biyu a Legas, ɗayansu Olikoye Ransome-Kuti wanda daga baya ya zama ministan lafiya, suka ba da rahoton cewa jariran da aka haifa da wani rauni na gado a jajayen ƙwayoyin jini sun fi kamuwa da shawara mai tsanani idan ana barbaɗa musu hoda mai mentol a cibiya. Wannan rauni yana da yawa a Afirka ta Yamma, musamman ga 'ya'ya maza, kuma shawara mai tsanani a jariri ƙwaƙwalwa take taɓawa. Don haka mantaleta, man zafi, man na'ana'a, kada ko ɗaya ya kusanci cibiya ko hancin jariri.

Rozmari da maramiyya

Waɗannan biyun na haɗa su don kusancinsu ya kai har a 2017 masana suka mayar da rozmari cikin zuriyar maramiyya. Su ne kuma ake yi wa kirarin "ganyen hadda", ɗalibai suna nema lokacin jarrabawa.

Labarin rozmari da ya fi yawo shi ne na ƙamshi. A jami'ar Northumbria da ke Newcastle a Ingila, a 2003, aka zaunar da mutum 144 a ɗakuna, wasu da ƙamshin rozmari, wasu da na labanda, wasu babu komai. Na ɗakin rozmari sun fi tuna abin da aka nuna musu, na ɗakin labanda kuwa jikinsu ya yi sanyi. A 2012 wannan tawaga ta auna jinin mutum 20, ta ga sinadarin ƙamshin yana shiga jini ta hanci. Abin sha'awa ne, amma na ɗan lokaci ne, kamar wanke fuska da ruwan randa.

Gwajin da na fi so a san da shi wani ne, na 2012 a Amurka. Tsofaffi 28 aka bai wa garin rozmari a mudu daban-daban. Waɗanda suka sha miligiram 750, abin da bai cika ƙaramin cokali ba, tunaninsu ya ƙara sauri. Da aka ninka shi takwas, miligiram 6,000, sai abin ya juye, suka koma baya. Mu kuwa al'adarmu in an ce ganye yana magani sai a cika tukunya, a dafa har ruwan ya yi baƙi, a sha da kofin silba safe da yamma. Rozmari bai yarda da wannan ba.

Maramiyya ita ce ta fi kowa nuna alama a kan mantuwar tsufa, kuma ita ce ta fi kowa buƙatar hattara. A 2003 a Tehran, likitoci suka gwada tataccen ruwanta a kan mutum 42 masu cutar mantuwa da ba ta yi nisa ba, ɗigo 60 kullum har wata huɗu. Waɗanda suka sha sun fi waɗanda aka bai wa na bogi maki a gwajin tunani. A Northumbria ma an ga matasa masu lafiya sun ɗan ƙara riƙe kalmomi na 'yan sa'o'i bayan sun sha man wani nau'inta na Sifen. Mutum 42 da wata huɗu, wannan ƙwanƙwasa ƙofa ne, ba a shiga ɗakin ba tukuna.

Hattarar kuwa saboda tujon ne, wani sinadari da ke cikin maramiyyar da aka saba sayarwa. Ƙwaƙwalwa tana da nata birkin da ke hana jijiyoyi tashi gaba ɗaya, tujon kuma wannan birkin yake sakewa. In ya yi yawa, mutum yana iya faɗuwa yana jijjiga, kuma an sha samun haka ga waɗanda suka sha man maramiyya zalla, har da yara. Man rozmari ma yana da kafur, shi ma yana iya tayar da farfaɗiya. Saboda haka mai farfaɗiya ya nisanci man waɗannan biyun, kuma kada ya mayar da shayin maramiyya abin shan kullum. Mai ciki ta tsaya a abin da ake sakawa a girki. Mai shayarwa ta sani cewa a ƙasashen da maramiyya take fitowa, mata suna shan ta ne lokacin yaye don nono ya ƙafe.

In aka ce in zaɓa tsakaninsu, rozmari zan ɗauka, a tukunyar miya da gashin nama, ba a kwalba ba. Maramiyya ta fi shi alamar ƙarfi, amma ba abin da za a miƙa wa tsohuwar da ke zaune ita kaɗai a ɗaki ba ne, wadda za ta sha ta manta ta sha ta ƙara.

Malisa da labanda

Su biyun ba na hadda ba ne, na kwantar da hankali ne. Malisa ganye ne mai kama da na'ana'a, ƙamshinsa na lemun tsami. Kada a rikita shi da doguwar ciyawar nan mai ƙamshin lemo da ake dasawa a gidaje ana jefawa a shayi, ita dangin gero da dawa ce, ba ruwanta da wannan gida. A busasshe kuma ba kowa zai iya bambanta malisa da tsohuwar na'ana'a ba, in ƙamshin ya tafi.

Labarin malisa yana da darasi guda biyu da suka tsaya mini a rai. A 2002 a Ingila, aka sami tsofaffi 72 da gigin tsufa ya yi wa nisa, masu faɗa da kaiwa da komowa. Aka riƙa shafa musu man shafawa a fuska da hannu sau biyu kullum, rabi mai malisa, rabi babu. Kashi 60 cikin 100 na masu malisa suka lafa sosai, ɗaya ɓangaren kashi 14 kawai. Kowa ya yi murna. A 2011 aka sake gwadawa da mutum 114 cikin tsari mafi tsauri, sai aka ga malisa ba ta fi man bogi ba. Amma abin lura, duk rukunonin sun lafa. Masu binciken suka ce da alama zaman da ake yi kusa da tsohon, a riƙe hannunsa, a shafa masa, shi ne yake aikin. Na karanta wannan na tuna yadda jikoki suke matsa wa kaka ƙafa bayan isha'i, abin da yanzu waya ta ɗauke wa yara hankali daga gare shi.

Darasi na biyu daga Japan ya zo, kuma shi ne gwajin da ya fi kowanne kusa da amsa tambayar "kariya". Tsofaffi 323 da ba su da cutar mantuwa, rabinsu suna shan tataccen malisa mai ɗauke da rozmarinik miligiram 500 kullum, har mako 96, kusan shekara biyu ke nan. Da aka buga sakamakon a 2023, ba a ga bambanci na a zo a gani ba tsakaninsu da masu shan na bogi. Sai an gwada akan san na ƙwarai, kuma da aka gwada da yawa da daɗewa, kariyar ba ta fito fili ba. Abin da ya rage wa malisa shi ne natsuwa da ɗan taimakon barci, wanda ƙananan gwaje-gwaje suka nuna. Wannan ma ba ƙaramin abu ba ne ga wanda tunani ke hana shi runtsawa.

Labanda, wadda masu shago suke kira khuzama, ita ce mai hujja mafi ƙarfi a duk dangin, amma a kan fargaba da ɗar-ɗar, ba mantuwa ba. A Jamus akwai wani kafso na manta mai suna Silexan, miligiram 80, da aka gwada a kan ɗaruruwan mutane. A wani gwaji na 2014 mai mutum 539 ya fi na bogi a fili. Yawancin gwaje-gwajen kamfanin ne ya biya kuɗinsu, a riƙe wannan a rai, kuma illar da aka fi gani ita ce gyatsa mai ƙamshin turare. Sai dai kwalbar da aka ajiye mini a kan kanta ba wannan kafson ba ce. Babu wanda ya san me aka tsarma a ciki, kuma yawancin "labanda" da ke kasuwa turaren haɗi ne na sabulu da man shafawa. Na shaƙa ne, ba na sha ba. Shafawa kullum a jikin yara ma ba na so, don a 2007 likitoci a Amurka sun ba da rahoton yara maza uku da ƙirjinsu ya fara tasowa, ya kuma koma bayan an daina shafa musu kayan da ke da man.

Ɗaɗɗoya

Ita mai shagon bai kawo ba, don babu riba a abin da ke fitowa da kansa a bakin rijiya. Yarabawa suna ce mata efirin, kuma duk wanda ya sha farfesun kifi a kudu ya san ƙamshinta. Mu muna saka ta a miya, a dafa ta don ciwon ciki da mura, a ajiye ta a ɗaki don sauro. Ƙamshinta daga sinadarai biyu yake, ɗaya irin na kanumfari, ɗaya irin na tayim, gwargwadon irin da ƙasar da ta fito.

Zan so a ce ina da labari mai daɗi a kanta kamar na sauran. Jami'o'in Najeriya sun yi rubuce-rubuce da dama a kan ɗaɗɗoya da ƙwaƙwalwa, amma a ɓeraye. 'Yar uwarta ta Indiya, tulsi, ita ce aka ɗan gwada a mutane kan damuwa, su ma gwaje-gwajen ƙanana ne. Wannan bai nuna ɗaɗɗoya ba ta da amfani ba, ya nuna ba ta da uban gida mai kuɗin da zai kai ta gwaji kamar labanda. A matsayin ganyen miya kuwa ba ni da abin da zan ce a kanta sai alheri. Abu ɗaya ne nake roƙo. Yaron da zazzaɓi ya sa yake jijjiga, kada a matse masa ruwan ɗaɗɗoya ko wani jiƙo a baki. Ba ya iya haɗiya a wannan hali, huhu abin yake tafiya. A kwantar da shi ta gefe, a rage masa kaya, a nufi asibiti, don zazzaɓin cizon sauro da sanƙarau su ne suke cin ƙwaƙwalwar yaranmu.

Akwai wasu 'yan gidan daga ƙasar Sin da suka fara shigowa a kwalabe ta hanyar 'yan kasuwar intanet, musamman wata jar saiwa mai suna danshen. Ba zan daɗe a kanta ba. Tana tsinka jini, kuma mai shan warfarin, maganin tsinka jini na asibiti, in ya haɗa da ita yana iya zubar da jini.

To wanne za a saya?

Ya danganta da abin da ya kai ka shagon. Mai ciwon kai na gajiya, na'ana'a mai yaji ko man zafi mai mentol a goshi, nesa da ido. Mai fargaba da rashin barci, shayin malisa in ya sami mai ƙamshinta, ko ɗigon labanda a gefen matashi, ya kuma bar shan atayi bayan la'asar. Ɗalibi mai neman hadda, ƙamshin rozmari ba zai cuce shi ba, amma barcin sa'a bakwai da maimaita karatu da asuba sun fi shi. Tsoho mai mantuwar da take ƙaruwa, wanda ya fara ɓata a unguwarsu ko yana sa wa 'ya'yansa sunan ƙannensa, likita ne farko, don akwai mantuwar da ƙarancin bitamin B12 ko ciwon maƙoƙo ko damuwa ke kawowa, kuma waɗannan suna warkewa.

Ga wanda kuma lafiyarsa ƙalau, kariya kawai yake nema, ni na'ana'a da ɗaɗɗoya zan ce, ɗanyu, daga bayan ɗaki. Ba don sun fi sauran sinadari ba. Dalilina na farko, ka san abin da ka tsinka, babu haɗi, babu ƙurar shekara biyu a kan kanta. Lambar NAFDAC da ke jikin kwalbar maganin gargajiya ma ba shaida ce cewa yana warkar da abin da aka rubuta ba. Na biyu, sun jure ƙasarmu. Rozmari da labanda 'yan gaɓar tekun Bahar Rum ne, sun fi son sanyi irin na Jos da ƙasa mai tsane ruwa, damina mai nauyi tana ruɓar da saiwarsu. Na'ana'a kuwa reshe ɗaya ka soka a tsohon bokiti, ka ba ta ruwan alwala, nan da wata biyu sai ka rasa yadda za ka yi da ita.

Dalili na uku shi ne babba. Abin da ya fi kashe ƙwaƙwalwar manya a wurinmu hawan jini ne, shi ke kawo shanyewar ɓarin jiki, shi ke toshe ƙananan hanyoyin jini a hankali har mantuwa ta shigo. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce gishirin mutum a yini kada ya kai giram 5, ƙaramin cokali ɗaya ke nan, har da wanda ke cikin dunƙule. A leƙa tukunyar miyar gidan mutum goma a ƙirga dunƙule nawa aka murza. Miyar da aka cika da ɗaɗɗoya da tayim da daddawa da albasa tana iya yin daɗi da rabin wannan. A ganina, ta wannan ƙofar ce dangin na'ana'a suke iya kare ƙwaƙwalwa da gaske, ta hanyar korar gishiri daga tukunya. Wani kwamitin masana na mujallar likitoci ta Lancet ya lissafa abubuwa 14 a 2024 da ya ce in an magance su za a iya kauce wa kusan kashi 45 cikin 100 na cutar mantuwa ko a jinkirta ta. Hawan jini yana ciki, da ciwon suga, da taba, da raunin ji, da bugun kai irin na faɗuwa daga babur ba hular kwano, da zaman kaɗaici. Babu ganye ko ɗaya a lissafin.

Wanda bakinsa ya karkace farat ɗaya, ko hannu ya saki, ko magana ta sarƙe, ba maganar jiƙo ba ce ko kaɗan. Sa'o'in farko su ne komai. Kuma duk mai shan maganin hawan jini, na suga, na farfaɗiya ko na barci, ya gaya wa likitansa ko mai ba da magani abin da yake sha na ganye, ko da zai ji kunya.

A ranar na sayi ƙullin malisa kawai, don kada in fita hannu rabbana bayan na sa mutum ya sauke kaya. Gwaggo ta karɓa tana harara ta. "Wannan ne duk abin da ka samo?" Na ce, "Gwaggo, ki yi haƙuri, akwai sharaɗi. Gobe kada ki karya, za mu je a ɗan tsaga yatsa." Ta ce ita ba ta da suga, ba ta ma shan shayi da sukari sai cokali uku. Washegari na'ura ta nuna abin da ta nuna, likita ya ɗauko wani siririn zare yana taɓa mata tafin ƙafa, wurare uku ba ta ji ba sam. Zafin dare da minjiryar da take ji, suga ne yake cin jijiyoyin tun ba yau ba. Yanzu ƙwaya ta ƙaru maimakon ta ragu, abin da har gobe take yi mini gori a kai. Malisar tana sha kofi ɗaya bayan isha'i ba sukari, ta ce tana sa ta barci. Na'ana'ar da na dasa mata a fasasshen bokiti kusa da wurin alwala kuwa ta cika ta tumbatsa, har maƙwabta suna aiko yara a tsinko musu, ita kuma tana zaune a kan tabarma tana ƙirga rassan da aka ɗiba.